Shekarar da Tafkin Bai Cika Ba

A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, akwai wata safiyar Talata ta watan Yuni da har gobe ba za ta fita daga raina ba. Tunda kun matsa sai na ba ku labarin wani abu da ya taɓa samuna a bakin aiki, musamman ku da kuka shigo garin nan kwanan nan da takardunku na injiniya, ita zan ba ku. Amma bari in fara bayyana yadda aikin yake, don akwai 'yan kasuwa a cikinmu, kada mu bar su a baya.

Ni injiniyan ruwa ne. Na yi shekaru a wata madatsar ruwa a gida Najeriya kafin wani kamfanin ba da shawara ya ɗauko ni zuwa Dubai. Ofishinmu yana unguwar Port Saeed, ta taga kana hango jiragen katako ana yi musu lodi a bakin ruwa. Ba mu da dam ko ɗaya na kanmu. Masu dam ne daga ƙasashe daban-daban ke turo mana alƙaluman ruwansu, mu zuba a kwamfuta, mu yi hasashe, mu ce musu ku saki kaza a wannan makon, ku riƙe kaza a mako mai zuwa. Ƙananan injiniyoyi ke tattara alƙaluma. Babban injiniya, wato muƙamin da nake kai a lokacin, shi ke yin hasashen ya rubuta shawara. Manajan sashe ya sa hannu. Mai dam kuma shi ke yanke hukunci, ya ɗauka ko ya bari. Manajanmu wani Balarabe ne ɗan Jodan, Muhandis Faris, wato Injiniya Faris, mutum mai saurin baki da saurin hawa, amma ba mugu ba ne.

Cikin masu hulɗa da mu akwai wata ƙabila a Amurka ta Arewa, irin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Suna da wani ƙaton tafki a tsakanin duwatsu. Tun zamanin kakanninsu wani kamfanin lantarki ya gina dam a daidai inda tafkin ke zuba cikin kogi, a kan ƙasarsu, a wurin da suke girmamawa, ba da son ransu ba. Sun daɗe suna fafutuka kafin su samu su saye dam ɗin, su kafa nasu kamfanin wutar. Da abin da wutar ke kawowa suke tafiyar da makarantunsu da asibitinsu. Mai kula da gudanar da dam ɗin wata mata ce 'yar ƙabilar, Madam Dona, ita ma injiniya. A samanta akwai majalisar ƙabila, wadda duk wani babban mataki sai da yardarta.

Can ba damina ke cika tafki ba kamar namu. Dusar ƙanƙara ce ke taruwa a kan duwatsu lokacin sanyi, in zafi ya fara shigowa ta narke ta gangaro. Lasisin da gwamnatin ƙasar ta ba su ya ɗora musu sharuɗɗa da ke cin karo da juna. A lokacin sanyi dole su rage tafkin, don ruwan ƙanƙara ya samu wurin zama, kada ya yi ambaliya a garuruwan da ke ƙasa. Zuwa farkon zafi kuma ana son tafkin ya cika, saboda gefensa cike yake da gidaje da otal-otal da masu ba da hayar jiragen shaƙatawa, waɗanda abincinsu na shekara a cikin wata ukun nan yake fitowa. Yawancin waɗannan ba 'yan ƙabilar ba ne. Sannan ko me ake ciki, akwai adadin ruwan da ba a yarda kogin ya gaza shi ba, saboda kifi. Ita kuwa wuta daga ruwan da aka saki ake samunta, kuma duk abin da ya ratsa injina ya tafi ke nan.

A shekarar da nake ba ku labari ƙanƙarar ba ta yi yawa ba, amma ƙarancinta bai kai ya tsorata ni ba. Duk mako muna magana da Madam Dona ta bidiyo, ƙarfe shida na yamma a nan, su kuma safiya ce a can. A tsakiyar watan Mayu na duba na'urorin awo da ke kan duwatsu, na ga har yanzu da sauran ƙanƙara. Wuta kuma tana tsada a kasuwa. Sai na ba da shawarar su ƙara mako biyu suna sakin ruwa ta injina kafin su fara riƙewa. Hasashena ya nuna duk da haka tafkin zai cika.

Madam Dona ta ce, "Mista Lawan, akwai wani dattijo a majalisarmu, sunansa Luwi. Jiya ya zo ofishina. Ya ce ya hau duwatsu tonon saiwoyi kamar yadda ya saba, ya tarar gangaren ya bushe. Ƙoramun da sukan yi ta ƙugi har wata mai zuwa sun fara yin shiru. A ganinsa ruwan bana ya riga ya wuce, abin da ya rage kaɗan ne."

Na ce, "Madam, ina girmama dattijon. Amma na'urorinmu kullum suna auna ƙanƙarar, kuma ba su nuna haka ba."

Ta ce, "Ai na'urorin a ƙololuwa suke."

Na ce, "Haka ne, amma lissafin ya yi la'akari da wannan."

Gaskiyar magana, lissafin a kan shekarun baya aka gina shi, lokacin da in akwai ƙanƙara a ƙololuwa to akwai a gangare. A wannan shekarar zafi ya shigo da wuri, ya cinye ta ƙasa, ya bar ta sama kaɗai, daidai inda na'urorin suke. Da na nemi hotunan tauraron ɗan'adam na makon, da na gani da idona. Aikin rabin yini ne. Ban nema ba. Dam uku ke hannuna a lokacin, kuma tsakanina da Allah, raina maganar tsohon na yi. Madam Dona ta kai shawarata majalisa, suka amince, aka ci gaba da saki har mako biyun suka cika.

Ranar Talatar na fito daga unguwarmu ta Al Nahda da wuri don in riga cunkoson masu shigowa daga garin Sharja. Na isa ofis, na haɗa shayi, na buɗe sababbin alƙaluma. Ruwan da ke shiga tafkin, wanda a wannan makon ya kamata a ce yana kan ganiyarsa, ya faɗi warwas kamar an murɗe famfo. Na ce wataƙila na'ura ce ta lalace. Na duba kogi na biyu da ke zuba a tafkin, haka. Na uku ma haka. Sai a lokacin na nemi hotunan nan. Duwatsun sun yi baƙi ƙirin, sai ɗan fari-fari a can sama. Na sake lissafi har sau uku, amsar ba ta canza ba. Tafkin ba zai cika ba. Kai, ba ma wannan ba, zai fara ja da baya tun zafi bai yi nisa ba, domin ruwan da dole a sakar wa kogi ya fi wanda ke shigowa. Shayin nan a gabana ya huce ban kurɓa ba. A ranar muka sanar da Madam Dona, nan take ta sa aka rage saki zuwa iyakar abin da doka ta wajabta, amma an riga an makara.

Kafin mako uku abin ya bayyana ga kowa. Ruwa ya janye daga gadojin katako da ake ɗaure jirage, jirage suka zauna a kan taɓo. Masu zuwa hutu suka fara fasa zuwa. Nan fa baki ya buɗe. Ba a ce fari ba ne, cewa aka yi tunda aka damƙa wa waɗannan mutane dam suka sayar da ruwan kowa don su cika aljihunsu. Aka tono tsofaffin maganganun raini da ake yi wa kakanninsu. Wasu suka fara tara sa hannu don a kai wa gwamnati ƙara a ƙwace lasisin. Madam Dona ta gaya mini ma'aikatanta sun daina shiga gari da rigar aiki, sai sun tuɓe sun bar ta a mota.

Ranar wata Alhamis Muhandis Faris ya kira ni ofishinsa.

Ya ce, "Habibi, zauna. Majalisarsu tana son rahoto ranar Litinin. Abu biyu za mu rubuta. Na ɗaya, fari ne, babu wanda ya hango shi, khalas, shi ke nan. Na biyu, mu ba su mafita. Su nemi izinin gaggawa daga gwamnati su rage ruwan da ke tafiya kogi. Tafki ya ɗan tsaya, masu ihu su yi shiru."

Na ce, "Muhandis, na riga na gwada wannan. In an rage kogin, abin da tafkin zai ƙaru da shi bai wuce faɗin tafin hannu ba. Jiragen da ke kan taɓo za su ci gaba da zamansu a kan taɓo. Amma ƙananan rassan kogin, inda 'ya'yan kifi ke girma, cikin 'yan kwanaki za su ƙafe."

Ya ce, "Kifi! Ana maganar lasisi kana maganar kifi. Ba tafin hannun ake nema ba, so ake a ga sun yi wani abu."

Na ce, "To maganar mako biyun nan fa?"

Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya rage murya. "Wane mako biyu? Mun ba da shawara bisa alƙaluman da ke gabanmu. Kai ka rubuta, ni na sa hannu. In ka tayar da wannan, kwangila ta tafi. In kwangila ta tafi, ka san wanda zai fara binta. Kana da yara a makaranta, bizarsu a kan taka take. Yi tunani shwaiya, ko da kaɗan ne."

Ba barazana yake yi mini ba, abin da ke akwai yake faɗa. Duk kun san garin nan. Ranar da aiki ya tafi, biza tana biye da shi, kuma ni da mata da 'ya'ya uku nake.

Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na wuce unguwar Al Ras wurin Alhaji Mudi. Wasunku sun san shi, mai tura kargo Kano, ya girme ni nesa ba kusa ba. A sitonsa mukan ci tuwon Juma'a, wanda wata Hajiya ke dafawa ta aiko. Muna zaune a tsakanin kwalaye, ƙamshin kanumfari na shigowa daga shagon maƙwabcinsa, sai ya lura ina ta juya loma ɗaya.

Ya ce, "Injiniya, lafiya? Ko kai ma kwantenarka kwastan suka riƙe?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na kwashe labarin duka na gaya masa. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Tsaya tukuna. Su mutanen nan da aka gina dam a ƙasarsu, yanzu su ne masu dam ɗin?"

Na ce, "Su ne."

Ya ce, "Ikon Allah." Ya suɗe hannu, ya jingina da kwali. "Ka san ni ba ɗan birni ba ne. A fadama aka haife ni, Baba yana kamun kifi yana noman shinkafa. Ina yaro aka gina dam a samanmu. Wata shekara a riƙe ruwa, kifi ya mutu a kududdufai har wari ya hana mu zama. Wata shekara a saki ba sanarwa, shinkafa ta nutse ana saura kwana kaɗan a yanka. Duk shekara su Baba za su yi gayya su tafi ofishin dam. Wani mai farar riga ya fito ya ce musu su yi haƙuri, daga Allah ne. Baba yakan dawo ya ce, shi ya san fari daga Allah yake, amma ƙofar dam da hannun mutum ake juya ta. Wallahi ba asarar ce ta fi ci masa rai ba. Har ya koma ga Allah babu wanda ya taɓa duban idonsa ya ce, ranar kaza ni ne na buɗe, kuma na yi kuskure."

Na sunkuyar da kai. Ba a dam ɗinsu na yi aiki ba, amma na taɓa zama mai farar rigar nan a wani wuri, kuma da bakina na faɗa wa wasu manoma waɗannan kalmomin.

Na ce, "To Alhaji, me kake ganin zan yi?"

Ya ce, "A'a, ni ba zan ce ka yi ko ka bari ba, ba ni ke ciyar maka da iyali ba. Ci tuwonka kada ya sandare."

Ranar Asabar na gaya wa maiɗakina Hajara halin da ake ciki, har da abin da zai iya biyo baya. Ta ci gaba da ninke kayan makarantar yara. Can ta ce, "Ni dai ba na son komawa yanzu, ba zan ɓoye maka ba. Amma in an kore ka, Kano tana nan inda muka bar ta."

Da safiyar Litinin na shiga wurin Muhandis Faris, don ban so in yi masa bazata a gaban baƙi. Na ajiye masa rahoton. Na saka shawararsa ta rage kogi, amma tare da ainihin abin da za ta haifar. A ƙarshe kuma na ƙara shafi guda a kan mako biyun. Ya karanta, ya zare shafin ya miƙo mini.

Ya ce, "Wannan ba zan sa masa hannu ba."

Na ce, "To zan faɗa da baki."

Ya dube ni ya ce, "Kai ka sani. Yalla, je ka."

Ƙarfe shida muka zauna a ɗakin taro, ni da shi. A allo ga 'yan majalisa a jere a dogon tebur, Madam Dona a gefe. A can ƙarshe wani tsoho mai furfura, ya kitse gashinsa gida biyu, ya ɗora hannuwa a kan sanda. Ba sai an gaya mini ba, na san shi ne Luwi. Na yi bayanin farin, na nuna hotunan duwatsun. Na kawo maganar rage kogi, na faɗi abin da tafki zai samu da abin da kifi zai rasa. Da na zo ƙarshen rahoton sai na ajiye shi gefe.

Na ce, "Akwai abin da ba ya cikin takardar da ke gabanku. A watan Mayu na ba ku shawarar ku ƙara mako biyu kuna saki. An gaya mini abin da dattijo Luwi ya gani a kan duwatsu, ina da hanyar da zan bincika, ban bincika ba. Ko da ba a saki ruwan nan ba tafkin ba zai cika ba, fari ne ya ci mafi yawa. Amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na giɓin da kuke gani, shawarata ce ta jawo shi. Kuskurena ne."

Muhandis Faris ya kafa wa tebur ido. Sai wani ɗan majalisa mai matsakaicin shekaru ya buga hannu a tebur. Ya ce, "To ai shi ke nan! Gobe mu fitar da sanarwa cewa kamfanin da muka ɗauka a Dubai ne ya ɓatar da mu. Wata guda ana zagin iyayenmu a kan laifin wani."

Ban ga laifinsa ba. Da ni ne a kujerarsa, wataƙila abin da zan faɗa ke nan.

Madam Dona ta ce, "Shi shawara ya bayar. Ni na ji maganar Luwi da kunnena, na zaɓi in bi kwamfuta. Ni na kawo muku, ku kuka ɗaga hannu. Ba daga Dubai aka buɗe ƙofar ba."

Aka ɗan yi hayaniya. Sai tsohon ya ɗaga sandarsa kaɗan, kowa ya yi shiru. Ya matso da fuskarsa kusa da allo.

Ya ce, "Saurayi, ka taɓa ganin tafkin nan?"

Ni da furfura ta fara fito mini, amma na amsa. Na ce, "A hoto kawai, Baba."

"Ƙanƙara fa, ka taɓa taka ta?"

Na ce, "Sau ɗaya, a cikin wani katafaren kanti a nan garin, inda ake yin ta da inji."

Dariya ta ɓarke a can, har shi mai buga teburin sai da ya murmusa. Tsohon ya jira suka gama. Ya ce, "Tun ina yaro mutanen da ba su taɓa ganin ruwan nan ba suke yanke hukunci a kansa. Wannan ne karo na farko da na ji ɗayansu ya ce ya yi kuskure." Sai ya juya ga 'yan'uwansa. "Mun tsufa muna kukan masu dam na da ba sa gaya mana gaskiya. Yanzu mu ne masu dam. Waɗancan masu jiragen, duk da baƙar maganar da suke gaya mana, a inda muka tsaya jiya suke tsaye. In muka ɓoye musu, ko muka kashe kogi don a tafa mana, to ban san dalilin da ya sa muka sha wahalar karɓar wurin nan ba."

Suka ce mu ba su wuri su tattauna. Muka kashe allo, na je na yi Magariba. Da na dawo saƙon Madam Dona ya shigo. Ba za su taɓa ruwan kogi ba. Lasisi ya ba su damar ɗan ƙara saki a kwanakin tsananin zafi, lokacin da wuta ta fi tsada, amma sun haƙura da wannan, ko da yake hakan na nufin ɗage wani gini da suka shirya yi a asibitinsu. Kullum za su riƙa wallafa abin da ya shiga tafki da abin da ya fita, kowa ya gani. Maganar mako biyu kuma za su faɗe ta a bainar jama'a, da sunansu, ba da nawa ba. Abu ɗaya suka nema a wurina: in rubuta bayanin duka da harshen da mai hayar jirgi zai gane.

Muhandis Faris ya karanta saƙon a tsaye. Ya ce, "Khalas, hankalinka ya kwanta?" Washegari aka ba ni takardar gargaɗi a kan yin magana da abokan hulɗa a wajen rahoton da aka sa wa hannu, kuma ƙarin girman da nake sa rai a shekarar ya wuce ni. Na karɓa ban yi musu ba. In ma ba don maganar ba, ai na cancanci gargaɗi a kan hotunan da ban nema ba.

Bayanin nan ya fi kowane rahoto ba ni wahala. Na rubuta na yaga ya fi sau biyar. A ƙarshe sai na riƙa zuwa Al Ras ina fassara wa Alhaji Mudi da Hausa. Duk inda ya ce, "Injiniya, nan ka koma Turancinku," sai in koma in sauƙaƙa. Ranar da ya saurara har ƙarshe bai tsayar da ni ba, ranar na tura.

Madam Dona ce ta karanta shi a wani taron jama'a da aka yi a zauren wata makaranta. Daga baya ta ba ni labari. Ta ce zauren ya cika har waje, ana ta ihu tun kafin ta buɗe baki. Da ta zo kan mako biyun, ihun ya ninka. Sai wani mutum ya miƙe, mai ba da hayar jirage, sana'ar da ya gada daga mahaifinsa. Ya ce ya sallami ma'aikatansa, bai san yadda zai fita sanyin bana ba. Sai ya tambaye ta, "Ki gaya mini gaskiya. Da ba ku saki ruwan nan ba, da jiragena suna kan ruwa?"

Ta ce masa, "A'a. Da sun fi kusa da ruwa, amma da suna kan taɓo. Sai dai wasu maƙwabtanka da gadojinsu suka fi naka tsawo, da sun samu ƙarin kwanaki. Waɗannan kwanakin mu muka ci musu."

Ta ce mutumin ya tsaya yana dubanta, sannan ya zauna. Bayan an tashi ya same ta a bakin mota, ya ce har yanzu yana fushi, kuma ba zai janye sa hannunsa daga ƙarar ba, amma a saka shi cikin waɗanda ake tura wa alƙaluman kullum.

Ba zan ce muku komai ya gyaru ba. Tafkin haka ya ƙare zafin nan a ƙasa. Ƙabilar ta tura motocinta suka tsawaita gangaren da ake sauke jirage a wuraren jama'a, hakan ya ɗan taimaka, amma shekarar mutumin nan ta riga ta lalace, da ta wasu irinsa. An kai ƙarar, gwamnati ta duba, ta bar musu lasisinsu. Akwai waɗanda har yau ba sa gaisawa da ma'aikatan dam. Rassan kogin dai ba su ƙafe ba, kuma da masu kula da kifi suka zagaya bayan an fara ruwan sama, sun tarar da 'ya'yan kifi a inda suka saba zama. Kwangilarmu an sabunta ta, amma an rage ta, aka kuma ƙara sharaɗi: kafin kowane hasashe na lokacin narkewar ƙanƙara, dole babban injiniya ya haɗa da hotunan sama, kuma ya zauna ya saurari waɗanda suka hau duwatsun da ƙafarsu. Bayan wata biyu na ga Muhandis Faris ya saka irin wannan sharaɗin a sauran dam ɗin da muke kula da su.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, a shekarar fari babu lissafin da zai sa ruwa ya ishi kowa. Wani zai rasa, ko na sama ko na ƙasa, kuma duk gwanintarka iyakarta ka rage yawan asarar. Na daɗe ina ɗauka aikinmu a nan ya tsaya. Ashe da saura. Mutane suna iya haɗiye asara mai ɗaci in an zaunar da su an gaya musu yadda aka yi ta, har da inda hannun mutum ya shiga. Abin da ba sa haɗiyewa shi ne a mayar da su marasa wayo. Na kuma ga mutanen da aka daɗe ana dannewa sun samu iko a hannunsu, ga hanya mai sauƙi ta ɗora laifi a kan wani baƙo da ba wanda ya san fuskarsa, suka ƙi bi. Ban taɓa zuwa ƙasarsu ba, ban san ko zan je ba, amma a wurinsu na koyi abin da ban koya a jami'a ba.

Da yawanku za ku koma gida wata rana, a damƙa muku dam ko tashar wuta ko hukumar ruwa. Za ku yi kuskure, wannan ba makawa, ni ma da na fi ku daɗewa na yi. Roƙona ɗaya ne: ranar da mutane suka taru a ƙofar ofishinku suna tambayar abin da ya faru da ruwansu, kada ku aika wani. Ku fita da kanku, ku gaya musu.